MONIKA TA TAGASTE: UWAR DA TA BI ƊANTA HAR ƘETAREN TEKU

 Da muka zauna domin zaɓen wanda za mu ba da tarihinsa a sashen Hausa na bana, sunayen da suka fara fitowa duk na maza ne: masu wa'azi, masu fassara Littafi Mai Tsarki, da waɗanda suka kafa makarantu da asibitoci. Ana cikin haka sai wata daga cikinmu ta tambaya ko wane ne ya haifi waɗannan mutane, wa kuma ya yi ta dafa musu abinci har suka girma. Muka yi dariya, amma ba wanda ya iya ba ta amsa. Dalilin ke nan da muka zaɓi Monika, macen da ba ta taɓa hawa bagade ta yi wa'azi ba, ba ta bar rubutu ko layi ɗaya ba, kusan dukan rayuwarta a tsakar gida ta ƙare, ga shi kuwa yau fiye da shekara 1,600 da rasuwarta ana kiran sunanta a duniya duka.

Ku ɗauko taswirar Afirka ku ɗora yatsa a kan Batsari ko Safana, ku miƙe arewa sak. Za ku ratsa ƙasar Nijar, ku ƙetare hamada, ku shiga Aljeriya, kafin ku kai bakin Bahar Rum za ku iske wani gari cikin tuddai mai suna Suk Aharas. Nisan ya haura kilomita 2,500. A zamanin mulkin Romawa sunan garin Tagaste, a nan kuma aka haifi Monika wajen shekara ta 331. Masana da yawa suna ganin sunanta ma na Barbar ne, wato asalin mutanen Afirka ta Arewa, dangin Buzayen nan da muke gani da raƙumansu. Saboda haka idan wani ya ce muku bin Almasihu baƙon abu ne da Turawa suka kawo wa Afirka, ku tuna da wannan mata. Tana durƙuso tana addu'a a ƙasar Afirka shekara 1,500 da ɗoriya kafin Bishop Tugwell da Likita Miller su iso Kano a 1900.

Kusan duk abin da ake faɗi a kanta daga bakin ɗanta Agustin ya fito, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba. Ya rubuta labarinta cikin littafinsa na harshen Latin mai suna Confessiones, wato furta zunubi da yabon Allah, wajen shekara goma bayan rasuwarta. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, mutumin nan mai ilimi kamar teku, da ya zo tuna mahaifiyarsa, abubuwan cikin gida ya tuna: tulun ruwan inabi, faɗan kuyangi, fushin miji, uwar miji, da kwandon abinci.

An haife ta a gidan masu bi. Amma ba mahaifiyarta ta fi yabawa a kan tarbiyyarta ba, wata tsohuwar baiwa ce, wadda ta goyi mahaifin Monika a bayanta tun yana jariri. Tsohuwar nan ba ta da wasa. Idan ba lokacin cin abinci ba ne, ko ruwa ba ta barin 'yan matan gidan su sha, kome ƙishirwa. Hujjarta ita ce, yarinyar da ba ta iya danne ƙishirwar ruwa ba, ran da ta yi aure aka danƙa mata mabuɗin ɗakin ajiya, ruwa zai gundure ta amma halin kwankwaɗa ba zai bar ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, duk da wannan horo, abin da tsohuwa ta ji tsoro sai da ya faru. A ƙasarsu ruwan inabi abin sha ne na kowane gida, kuma da yake iyayen Monika sun amince da ita, ita suke aika ta ɗebo daga tulu. Da farko leɓe kawai take tsomawa, don ƙuruciya, ko daɗinsa ba ta ji. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ta kai tana shanye kusan moɗa guda. Ba uwa ba ce ta gane, ba tsohuwa ba ce. Wata kuyanga ce da suke zuwa ɗebowa tare, rannan faɗa ya haɗa su, sai ta yi mata gori ta kira ta 'yar mashaya. Maganar ta soke ta har zuci, daga ran nan ta daina. Ita da kanta ta ba ɗanta wannan labari, ba ta ɓoye ba. Mu da muka tashi a ƙauyukan da aka san tukunyar burkutu, mun san ba ƙaramin abu ba ne uwa ta zaunar da ɗanta ta gaya masa irin wannan a kan kanta.

Da ta isa aure aka ba da ita ga wani mutumin Tagaste mai suna Fatrisiyus. Yana da 'yan gonaki, yana kuma cikin majalisar gari, amma ba mai arziki ba ne. Ba Kirista ba ne, addinin kakanninsa yake bi. Mutum ne mai alheri idan ransa na fari, mai zafin zuciya kuwa kamar wutar kara, ga shi kuma ba ya tsayawa ga matarsa ita kaɗai. Iyayenmu mata da yawa a ƙasar Ruma da Runka, waɗanda suka karɓi bishara tun mazansu na kan al'adar Maguzanci, ba sa bukatar a bayyana musu irin wannan zama. Kina shirin sujada ran Lahadi, maigida na shirin wani abu dabam, 'ya'ya kuma suna tsakiya suna kallon kowa.

Dabarar Monika ita ce, idan maigida ya hau, ba ta tanka masa ko da kalma ɗaya. Sai ta bari ya huce sarai, ta nemi lokacin da ya dace, sannan ta zauna ta bayyana masa dalilin abin da ta yi, ta nuna masa inda ya yi gaggawa. Ku lura, ba haɗiye maganar take yi ba, jinkirta ta take yi. A garin akwai mata da yawa da mazansu ba su kai Fatrisiyus zafi ba, amma fuskokinsu duk tabon duka. Suna mamaki ƙwarai yadda ba a taɓa jin ya ɗaga mata hannu ba, ba a kuma taɓa jin sun kwana da gaba ba. Idan suka kawo mata kuka, takan ce musu, rabi wasa rabi gaske, su kama harshensu, su tuna takardar auren da aka karanta musu ta mai da su kamar bayi ne a hannun mazansu.

A nan dole mu tsaya, gama mun yi gardama a kan wannan a tsakaninmu. Haƙurin Monika abin yabo ne, kuma abin da Manzo Bitrus ya koyar a sura 3 ta wasiƙarsa ta fari, game da matan da halinsu kan jawo mazan da ba su ba da gaskiya ba, ya cika a gidanta. Amma ba mu yarda a ɗauki shawarar da ta ba maƙwabtanta a ɗora wa matar da ake duka laifi ba. Ta yi magana ne a zamanin da doka ta ba maigida iko mai yawa a kan kowa da ke gidansa, mace kuwa ba ta da wurin kai ƙara sai kaɗan. Mai duka shi ne mai laifi, ko matar ta yi magana ko ba ta yi ba. Wadda abin ya same ta a yau tana da iyaye, tana da Zumuntar Mata, tana da dattawan Ikkilisiya da fasto, akwai kuma hukuma. 'Yan'uwa maza da za ku yi aure nan gaba, wannan sakin layi naku ne.

Sai kuma uwar miji. Tun Monika tana amarya kuyangin gidan suka yi ta kai gulmarta, har tsohuwar ta ɗauki karan tsana ta ɗora mata. Monika ba ta rama ba, ba ta yi yaji ba, ta ci gaba da yi mata ladabi da hidima har tsohuwar ta gane da kanta cewa zuga ta ake yi. Ita ta je wurin ɗanta ta faɗi sunayen magulmatan, shi kuwa ya sa aka yi musu bulala, irin hukuncin gidajen bayi na wancan zamani, wanda ba mu kawo shi nan don a yaba ba. Daga nan suruka da suruka suka zauna lafiya. Akwai kuma wata baiwa da ɗanta ya ce Allah ya ba ta: idan mata biyu suka yi faɗa, kowacce ta zo ta amayar mata da baƙar magana a kan ɗayar, Monika ba ta ɗaukar kome ta kai sai abin da zai shirya su. Sauran a cikinta yake mutuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ko wurin injin niƙa, ko ma a ɗakin kwanan ɗalibai bayan an kashe fitila, ya san wannan baiwa ba ta da yawa.

Ta haifi 'ya'ya maza biyu, Agustin da Nabigiyus, da 'ya mace wadda daga baya, bayan mijinta ya rasu, ta shugabanci gidan mata masu hidimar Allah a Hippo. An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, 354. Tun yana jariri aka yi masa alamar gicciye aka ɗanɗana masa gishiri, yadda ake yi wa masu jiran baftisma a lokacin, ya kuma ce sunan Almasihu tare da nonon uwarsa ya sha shi. Amma ba a yi masa baftisma ba. Wata rana yana yaro ciwon ciki ya kama shi har aka fid da rai, ya roƙa a yi masa, uwar ta tashi hankali tashe tana shiri, sai ya warke, sai aka ɗage. Tunanin mutane a lokacin shi ne, gara yaro ya gama ƙuruciyarsa tukuna, don zunubin bayan baftisma ya fi nauyi. Agustin da ya girma bai ga hikimar wannan ba.

Yaron yana da kai, iyayen kuma duka biyu suka ɗora burinsu a kan karatunsa. Suka tura shi Madaura, garin da nisansa daga Tagaste bai kai na Batsari zuwa Katsina ba. Yana shekara 16 kuɗin makaranta suka yanke, ya dawo gida ya yi shekara guda yana zaman banza. Wanda aka taɓa kora gida saboda kuɗin makaranta ya san wannan shekara. A cikinta ya shiga abokan banza, har suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, suka zuba wa aladu. Monika ta kira shi gefe ta gargaɗe shi ya guji fasikanci, musamman ya nisanci matar wani. Shi kuwa ya ɗauke ta maganar mata, yana jin kunya a ce ya bi. Sai daga baya ya gane Allah ne ke masa magana ta bakinta. Duk da haka bai rufa mata asiri ba a kan abu guda: ya ce ba ta nemi yi masa aure a lokacin ba, don tana tsoron mata za ta tare masa hanyar zama babban mutum. Monika mai addu'a ce, amma tana da buri irin na kowace uwa.

Da taimakon wani attajirin garin mai suna Romaniyanus aka tura shi Kartaj, babban birnin yankin, kusa da Tunis ta yau. Wajen 371 Fatrisiyus ya rasu. Kafin ya rasu ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma. Shekarun da ta yi tana jira sun haura 16. Tana da kimanin shekara 40 a lokacin, ba ta kuma sake aure ba.

Ta samu mijin, sai ɗan ya kuɓuce. A Kartaj Agustin ya ɗauki wata mace suna zaman dadiro, ta haifa masa ɗa wajen 372, aka sa masa suna Adeyodatus, ma'anarsa kyautar Allah, kamar a ce Kyauta a wurinmu. Abin da ya fi ƙona wa Monika rai kuwa shi ne shigarsa ƙungiyar Manikiyawa, mabiyan wani mutumin daular Farisa mai suna Mani. Suna koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne masu yaƙi tun fil'azal, jiki na duhu ne, suna kuma yi wa Tsohon Alkawari ba'a. Shekara tara ya yi a cikinsu, da yake kuma ya iya baki, ya ja abokansa da dama. Da ya dawo Tagaste yana koyarwa, Monika ta hana shi zama a gidanta, ta hana shi cin abinci tare da ita.

Mafarki ne ya sa ta buɗe masa ƙofa. Ta ga kanta tsaye a kan wani katakon awo tana kuka, sai wani saurayi mai haske ya tambaye ta dalili, ya ce ta duba da kyau, inda take nan ɗanta yake. Ta waiwaya ta gan shi tsaye kusa da ita. Da ta ba shi labari, malamin iya magana ya so ya juya fassarar, wai ma'anarsa ita ce za ta dawo inda yake. Nan take, ba tare da inda-inda ba, ta gyara masa cewa ba haka aka faɗa mata ba, shi ne zai zo inda take. Ya ce wannan amsa ta girgiza shi fiye da mafarkin kansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ci gaba da dafa masa abinci, ba ta kuma fasa ce wa kuskurensa kuskure ba.

Ta je wurin wani bishop, wanda shi ma a cikin Manikiyawa ya tashi kafin ya bar su, ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta. Ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, girman kai na sabon ilimi na ɗibarsa, ta bar shi ta yi ta addu'a, karatunsa ma zai fito da shi. Ta nace tana kuka har ya gaji da ita, ya sallame ta da cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. Ta riƙe wannan magana kamar daga sama ta zo.

A 383 Agustin ya ƙudura tafiya Roma, don ɗaliban Kartaj sun ishe shi da rashin ɗa'a. Monika ta bi shi har tashar jiragen ruwa, ta riƙe shi, ko ya fasa ko su tafi tare. Mu Hausawa mun saba uwa ta yi kara a kan ɗanta a gaban mutane, Monika kam ba ta san wannan ba. Sai ya yi mata ƙarya, ya ce abokinsa yake rakiya, suna jiran iska. Ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a na tunawa da Sifiriyan, bishop na Kartaj da aka kashe saboda bangaskiya a 258. Cikin dare jirgi ya tashi. Gari ya waye ta fito bakin teku, ba jirgi ba ɗa. Ta yi kuka, ta kira shi mayaudari marar tausayi, sannan ta koma ga yi masa addu'a, ta kama hanyar gida. Abin da ta kwana tana roƙon Allah ya hana, shi ne ya kai ɗan nata inda zai tuba. Mu da muke barin gida mu tafi Katsina, Kano ko Kaduna, mu yi wata da watanni ba ko gaisuwa, ya kamata mu ɗan daɗe a bakin tekun nan tare da ita.

A 384 ya samu babban aikin koyar da iya magana a Milan, inda fadar Sarkin Roma take a lokacin. A 385 Monika, tana da shekara fiye da 50, ta hau jirgi ta bi shi. Hadari ya taso musu a teku, ita ce ta koma tana ƙarfafa matuƙan jirgin. Ta iske ya bar Manikiyawa amma bai zama Kirista ba. Ba ta yi tsalle ba, ta gaya masa a natse cewa ta gaskata kafin ta mutu za ta gan shi mai bi.

A Milan ta sadu da Bishop Ambros, wanda wa'azinsa ya fara warware wa Agustin ƙullin da ke kansa. Sau biyu take zuwa majami'a kowace rana, safe da yamma. Wata rana ta ɗauki kwandonta da kunu mai kauri da gurasa da ɗan ruwan inabi, za ta kai kaburburan shahidai yadda aka saba a Afirka, sai mai tsaron ƙofa ya tare ta, ya ce bishop ya hana, don abin yana kama da al'adar masu bautar gumaka, wasu kuma suna fakewa da shi su bugu. Ɗanta ya yi mamaki yadda ta bari nan da nan, ta koma ba matalauta abin da take iyawa. Haka kuma ta damu da ta ga ba a azumin Asabar a Milan, alhali a gida ana yi. Agustin ya tambayo mata, Ambros ya ba da shawara mutum ya bi al'adar Ikkilisiyar da ya iske kansa a ciki. A 386, da Justina uwar Sarki ta nemi ƙwace wata majami'a domin 'yan ɗariƙar Ariyus masu musun cikakken Allahntakar Almasihu, jama'a suka shiga ciki suka kwana suna tsaro, sojoji na kewaye da su. Monika na sahun gaba. A lokacin ne aka fara sa dukan jama'a su riƙa rera waƙoƙi da zabura tare a Milan, don kada su karaya.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba. Monika ce ta fi matsawa a nema wa Agustin auren da ya dace da matsayinsa. Aka samu yarinya, saura shekara biyu ta isa aure, aka yi baiko. Saboda wannan aka raba shi da uwar Adeyodatus bayan zaman kusan shekara 15. Ta koma Afirka ita kaɗai, ta bar ɗanta a baya, ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Agustin ya ce zuciyarsa ta yi ta zubar da jini, amma ko sunanta bai rubuta ba. Macen da ta san zafin tsayawa a bakin teku an tafi da ɗanta, ga shi da hannunta a cikin raba wata uwa da nata. Auren ma da aka yi domin sa ba a ɗaura ba. Mun so a ce wannan babi babu shi.

Cikin watan Agusta na 386, a lambun gidan da suke zaune, Agustin yana kuka saboda ya kasa rabuwa da zunubinsa, sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14. Ku nemi wurin ku karanta da kanku. Shi da abokinsa Alifiyus suka tashi, wurin da suka fara nufa kuwa cikin gida ne, wurin Monika. Shekara 13 ke nan tun shigarsa Manikiyawa.

Suka koma wani gidan gona a Kasisiyakum na 'yan watanni, shi da ɗansa da ɗan'uwansa da abokai da ɗalibai. Monika ce uwar gida. Cikin littattafan da ya rubuta a can, ana tsakiyar muhawara mai zurfi sai a ga ta shigo ta kora su cin abinci. Wani dare ta tsawata wa wani ɗalibi mai suna Lisentiyus don ta ji shi yana rera zabura da ƙarfi a bayan gida, ta ce wurin bai dace ba. Masu rera waƙoƙin sujada a bayin makaranta, kun ji. Amma ba a madafa kawai ta tsaya ba. Ran da Agustin ya cika shekara 32 suka zauna suna tambayar ko wanda ya samu abin da yake so ya samu albarka. Monika ta ce sai in abin kirki yake so, wanda ke son mugun abu kuwa, ko ya samu, abin tausayi ne. Ɗanta ya yi murna ya ce ta kai ƙololuwar falsafa, don abin da ta faɗa shi ne abin da Sisero, babban masanin Roma, ya rubuta. Ita ba a littafi ta koya ba.

Daren Ista, 24 ga Afrilu, 387, Ambros ya yi wa Agustin da Adeyodatus da Alifiyus baftisma. Suka shirya komawa Afirka, suka sauka a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, suna hutawa kafin su hau teku. Wata rana uwa da ɗa suka jingina a taga mai duban lambu, su biyu kaɗai, suna hira a kan yadda rai madawwami zai kasance, har suka ji kamar sun taɓa shi na ƙiftawar ido. A nan ta gaya masa ba ta ga abin da ya rage mata a duniya ba, abu ɗaya ta so ta gani, Allah kuwa ya ba ta har da ƙari. Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da ita.

Tun da daɗewa Monika ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagaste, tana kuma so a riƙa cewa ta ƙetare teku ta dawo ta kwanta kusa da shi. Da Nabigiyus ya ga jikin ya yi tsanani, ya ce da ma a gida ne ba a baƙuwar ƙasa ba. Ta harare shi, ta ce su binne ta ko'ina, kada wannan ya dame su, abin da take roƙo kawai su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji duk inda suke. Ta riga ta gaya wa wasu abokan ɗanta cewa babu wurin da ke nesa da Allah, ba zai kuma rasa inda zai tashe ta ba a ranar ƙarshe.

Wannan wuri ya taɓa mu fiye da kowane. A shekarun 2019 da 2020, da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tsananta, ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana sun watse, mutane suka gudu zuwa cikin garin Batsari, Dutsin-ma da Katsina. Iyaye mata sun bar ɗakunansu, da rumbu, da turmin da suka yi shekaru suna daka a ciki. Wasu tsofaffi sun rasu a gudun hijira, aka binne su nesa da mazansu da kakanninsu, 'ya'yansu kuma har yau abin na ci musu rai. Monika ta so gidanta, ta so kabarin nan da ta shirya, amma a bakin mutuwa ita ce ta lallashi 'ya'yanta a kansa.

Ta rasu a rana ta tara ta ciwonta, cikin shekararta ta 56, Agustin yana cikin ta 33. Shi ya rufe mata ido. Adeyodatus ya fashe da kuka aka rarrashe shi, wani abokinsu mai suna Ebodiyus ya ɗauki littafin Zabura ya fara rera ta 101, dukan gidan suna amsawa. Agustin bai yi hawaye a bakin kabari ba, sai da ya kwana ya farka shi kaɗai a kan gadonsa. Abin da ya sanyaya masa rai shi ne, cikin ciwonta ta kira shi ɗa nagari, ta ce ba ta taɓa jin baƙar magana daga bakinsa ba. Ba ta ga ranar da aka naɗa shi limami a 391 ba, balle zamansa bishop. Jikan nata ma bai daɗe ba ya bi ta, bai kai shekara 20 ba.

Ba a mai da ita Tagaste ba. A 1430 aka ɗauke ƙasusuwanta daga Ostiya zuwa birnin Roma, suna cikin majami'ar da ke ɗauke da sunan ɗanta. Ikkilisiyar Katolika tana tunawa da ita ran 27 ga Agusta, ɗanta kuma washegari, ranar da ya rasu a 430. Birnin Santa Monica na Amurka sunanta ya ci. A 1945 wasu yara biyu a Ostiya suna haƙa rami a filin da ke gefen majami'ar Santa Aurea don su kafa sandar wasan ƙwallo, sai suka tono ɓallin dutse mai rubutun Latin. Da masana suka duba, ashe guntun dutsen kabarin Monika ne, wanda wani babban ma'aikacin Roma mai suna Basus ya sa aka sassaƙa mata. Yana nan ajiye a cikin majami'ar.